Hammawa da Sabar Tashar Lodi

A ofishin wata ƙungiyar masu motocin dakon kaya da ke bayan kasuwar katako ta Dei-Dei, ni ce mai zama a taga. Sunana Maijidda. Direba ya zo, in duba lambar motarsa a kwamfuta, in gaya masa ko layinsa ya zo ko da saura, ya zage ni ko ya sa min albarka, ya wuce. Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Hammawa ne, mutumin da ya yi shekaru yana zama a ƙaramin ɗakin da ke bayana, shi da wata baƙar kwamfuta mai ƙugi da muke kira saba.

Duk layin lodi a cikin sabar nan yake. Ita ta san wace tirela ce ke gaba wajen ɗaukar siminti, wace ce ta rodi, wane direba ne ya yi tsallaken layi aka mai da shi baya, kuma ita ke tura wa kowa saƙo a waya cewa ya matso da mota. In tana aiki ba mai tunawa da ita. In ta faɗi kuwa, sai ka ga ƙattin maza sun cika min taga, kowa yana rantsuwa shi ne na gaba, wani har da sifanar taya a hannu. A lokacin ne ake tuna akwai Hammawa a duniya.

A wata ruga kusa da Abaji aka haife shi, gefen hanyar Lokoja. Ya yi kiwo kamar kowane ɗan ruga, sai dai shanu ba su ji daɗinsa ba, don in ya samu matacciyar rediyo sai ya zauna gindin bishiya yana farke ta har su shiga gonar mutane. Da mahaifinsa ya gaji da ba manoma haƙuri, sai ya tura shi makarantar 'ya'yan makiyaya, wai ko gwamnati za ta iya da shi. Da ya zama saurayi ya biyo kawunsa karar Dei-Dei da shanun sayarwa. Shanun suka tafi hannun mahauta, kawun ya koma Abaji, shi kuwa ya maƙale a rumfar wani mai gyaran waya. Daga gyaran waya ya koma shagon buga takardu, daga nan ya shiga karatun kwamfuta na ƙarshen mako wanda bai ƙarasa ba. Can Oga Bartholomew, sakataren ƙungiyarmu, ya tsinto shi lokacin da aka sayo kwamfuta aka rasa mai taɓa ta.

Siriri ne, mai kunya, ba ya cin abinci a gaban mutane. Da rana sai ya rufe ƙofa ya sha furarsa kamar mai aikata laifi. Ni kuwa kakata Babarbariya ce, don haka tsokanar Bafulatani gadona ne, ba na neman izinin kowa. Nakan leƙa in ce, “Malam Hammawa, an raba ka da nagge ka zo ka rungumi ƙarfe, ko nono ba ta bayarwa.” Sai ya ce, “Hajiya, ta fi Barebari jin magana,” ya ci gaba da danne-dannensa.

Shi ya gina duk abin da ke cikin sabar, kaɗan-kaɗan, wannan a kan wancan, shekara bayan shekara, kuma ba wanda ya san yadda suka haɗu sai shi. In ta faɗi ya san abin da za a fara tayarwa, da wanda za a ɗan jira, da wanda sai an lallaba. An taɓa kawo wani gwani daga cikin gari lokacin da Hammawa ya je ta'aziyya, ya wuni yana gumi, ƙarshe shi ma Hammawan ya kira. Ranar sunan 'yarsa Yusra ana tsakiyar fiɗar rago aka kira shi, ya baro gidansa a Dutse Alhaji da babbar riga ya zo ya tayar da ita. Yakan yi mita, ya ce mun hana shi sakat. Ƙarya yake yi. Ni na sha ganin fuskarsa in wayarsa ta yi ƙara, sai ta washe tukuna kafin ya tuna ya kamata ya ɗaure ta. Mutumin da ya girma ana ce masa ba shi da amfani a ruga, ya zo ya samu wurin da tasha guda ke tsayawa cak in ba ya nan.

Ni na fara lura da idonsa. Ya bangaji ƙyauren da ya saba wucewa kullum. Ya zubar min da shayi, har na yi masa tatas. Direbobi suka fara cewa Injiniya ya yi girman kai, ana miƙa masa hannu daga gefe yana wucewa. Rannan na shiga ɗakinsa na tarar haruffan allon sun yi girma kamar na allon talla, hancinsa kuma ya kusa taɓa gilashin. Na rufe ƙofa na tsare shi.

Bai yi gardama ba. Ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Haka ya yi wa mahaifinsa. Ya daɗe yana ji yana ɓoyewa, kuma da ya je asibiti likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya jinkirta saura. Ya ce yanzu duniya a wurinsa kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Na zauna a kan kwalin takarda.

Ba a daɗe ba ya je wurin Oga, ina wurin, ya ce a sayo sabon inji.

Oga Bartholomew ya cire tabarau ya ce, “Hammawa, wannan machine ɗin bai mutu ba fa. Yana aiki tun lokacin Vivian matana bai haifi last born ba. Me ya sa kana son sabon ɗaya?”

Ya ce, “Oga, ita ba ta mutu ba, ni ne na kusa daina ganinta. Akwai wani tsari, Docker. Kowane aiki za a rufe shi a kwantenansa da duk kayan da yake buƙata, layi daban, saƙon waya daban, takardar fita daban. Kamar kwantenan Inyamuran kasuwar tayil, in aka ɗaga aka dire a wani wuri, buɗe ƙofa kawai za a yi a ci gaba da ciniki. In na gama, kowa ma zai iya tayar da ita.”

Oga ya mai da tabarau, sannan ya ce to.

Ni ce ban ce to ba. Da muka fito na bi shi har ɗakinsa, raina a ɓace. Na ce, “Kai wane irin Bafulatani ne? Abin da ke kanka shi ne kujerarka. Ka bar ta yadda take, ko ba ka gani dole su riƙe ka, ka zauna kana faɗa ana dannawa. Za ka kwashe ka zuba a kwantena, gobe su ce maka an gode.”

Ya ce, “Hajiya, in ta faɗi ran da nake kwance fa? Ko ran da na mutu? Kin ga sifanar nan da suke zuwa da ita. Ke ce a taga.”

Na ce ba ruwansa da ni, na iya da su. Ya yi murmushi ya ce abin da yake so in taya shi karatu ne, don ƙananan layukan sun fi ƙarfinsa.

Haka muka shiga aikin, kowace Lahadi da hantsi, lokacin da tasha ke yin shiru. Shi ke bugawa, don yatsunsa sun haddace madannai, ni ke karanto masa abin da injin ya amsa. Turancina na taga ne, na “dawo gobe” da “ba layinka ba ne”, amma na iya haruffa, sai in yi ta jero masa su ɗaya-ɗaya yana gyaɗa kai. Ya fara zuba wa sabon injin Linux, babbar manhajar da komai zai hau kanta, ya sabunta kayan cikinsa. Sannan ya ɗauko makullin da ke tabbatar da cewa abin da za mu sauke na ainihi ne ba jabu ba, ya nuna wa injin rumbun da zai ɗebo, muka fara saukewa. Intanet ɗin ofis ya ƙi, sai da na rataye wayata a ƙusar taga muka jona da ita. Abin yana tafiya yana tsayawa, ni ina faɗa masa inda ya kai, shi yana ɗiga magani a ido.

Da ya gama sauka, ya ce akwai ɗan kwantenan gwaji wanda aikinsa kawai ya tashi ya yi gaisuwa ya kwanta. Ya buga. Na ce injin ya ce ba mu da izini. Ya yi dariya ya ce ya manta bai sa sunansa cikin masu izini ba, ya gyara, ya fita ya sake shiga, ya kuma bugawa. Sai ga gaisuwar ta fito. Na karanta masa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya jingina da kujera yana murna kamar an yi masa haihuwa, ni kuwa haushi ya cika ni, don na san abin da gaisuwar nan take nufi gare shi.

Sauran aikin ya fi wuya. Sai da ya kwance abin da ya ɗaure cikin shekaru, ya tuno dalilin kowane ƙulli, ya raba su gida-gida. Ya ce ba a ajiye bayanan direbobi a cikin kwantena, don in aka jefar da shi da su zai tafi, sai ya ware musu wuri a waje ya haɗa. Ya rubuta fayil guda wanda ya ƙunshi yadda duk kwantenonin za su tashi da wanda zai jira wani. Fayil ɗin nan ɗan tsirfa ne, tazara ɗaya ta yi yawa a farkon layi sai ya ƙi, shi kuma ba ya ganin tazara, sai in sa farce a gilashi ina ƙirga masa.

Wata Lahadi hannunsa ya goce daga inda ya saba ɗora shi, bai sani ba, ya buga dogon layi da sauri cikin gadara. Na fara karantowa, haruffa ne barkatai marasa kai. Ban kai rabi ba na yi shiru. Ya ce, “Ci gaba mana.” Na ce ba abin ci gaba. Ya daɗe zaune hannuwansa a cinya, sannan ya tashi yana lalube ya fita wai zai yi alwala, alhali azahar da saura. Da ya dawo na ga idonsa ya yi ja. Ban tsokane shi ba ranar, kuma na ga ya fi jin zafin hakan.

Damina na ƙarewa muka juya layi zuwa sabon injin. Ya sa ni na buga umarnin da hannuna, gajere ne, ko jikata za ta iya. Kwantenonin suka tashi a jere. Saƙo ya shiga wayoyin direbobi, ba wanda ya san an canja komai. Ya tambaye ni, “Sun tashi duka?” Na ce sun tashi. Ya miƙa hannu ya lalubo tsohuwar sabar ya kashe ta da kansa, ɗakin ya yi tsit, don sabon injin ba ya ƙugi.

Ba wanda ya kore shi, kada a ɗauki alhakin Oga. Ya ci gaba da zuwa yana zama, ba abin yi. Daga baya ganin ya ƙarasa rufewa, tsallaka titin Kubwa ya gagare shi, ya zauna a gida. Ƙungiya ta yi masa walima da lemo da jawabai, aka yanka masa ɗan abin da za a riƙa ba shi. Aka sa injin kwafe takardu a inda kujerarsa take.

Watanni suka wuce, saba ba ta ko yi tari ba. Nakan je gaishe shi Dutse Alhaji jefi-jefi. Kullum yana kan tabarma a baranda, wayarsa a kan gwiwa, a cike da caji. Bayan gaisuwa sai ya ce, “Ya saba?” In ce lafiya lau. Sai ya ce alhamdu lillahi, muryarsa tana sauka.

Wata Talata da safe sai ga matarsa Khaula a bakin tagata, cikin direbobi, ta sha hijabi. Tela ce, mace mai kamun kai, ba ta taɓa taka ofishin ba. Na shigo da ita wurin Oga. Ta daɗe tana murza gefen hijabinta kafin ta yi magana.

Ta ce, “Anti Maijidda, Oga, alfarma na zo nema. Baban Yusra ya daina cin abinci sai an yi da gaske. Makantar ya karɓa, wallahi ya karɓa. Wayar nan ce. In ta yi ƙara sai ya zabura, in ya ji 'yan'uwa ne sai jikinsa ya mutu. Don Allah ku ɓata injin nan naku, ko sau ɗaya ne, ku kira shi.”

Na kalli Oga, Oga ya kalli silin. Ya ce, “Madam, shekara nawa ina addu'a wannan abu kada ya lalace, yau kin ce in lalata shi da hannuna.” Ya share fuska da hankici. “To ki koma gida, kada ya san kin zo.”

Matsalar ita ce ba mu san yadda ake ɓata ta ba. Abin da Hammawa ya koya min na tayarwa ne. Washegari da hantsi Oga ya shiga ɗakin ya tsaya yana kallon injin, ƙarshe ya sunkuya ya zare wayar wuta daga bayansa, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Allon tagata ya daskare. Na ɗauki waya.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce, “Malam Hammawa, saba ta faɗi, mun yi mun yi ta ƙi.” Na ji motsin tashinsa. Ya ce, “Kada kowa ya taɓa komai. Ga ni nan.” Kafin ya kashe na ji yana ƙwala wa Khaula kira ta ɗauko masa farar shaddarsa.

Kafin tasi ta kawo su, taga ta cika. Rana ta buɗe, motoci sun toshe ƙofar tasha, wasu biyu har sun ci kwalar juna. Da suka hango shi Khaula na riƙe da hannunsa, sai wurin ya ɗauka: “Injiniya! Ga Injiniya nan! A ba shi hanya!” Ya sha guga, ya kafa hula, yana tafe yana ɗaga hannu ta inda yake jin muryoyi. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ciwon.

Muka janye injin kwafe takardu muka sa masa kujera. Ya zauna ya gyara hannun riga. Ya ce, “Hajiya, matso ki karanto min.” Na ce allon baƙi ne. Ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya ji shi da sanyi. Ya zagaya da yatsu ta baya, ya taɓa ramin da babu komai a ciki. Ya tsaya. Sannan ya durƙusa da farar shaddarsa a ƙasa mai ƙura, ya laluba ƙarƙashin tebur har ya kamo wayar wutar, ya mai da ita, ya danna maɓalli. Ya koma kujera ya jera yatsunsa a kan madannai yana jira in faɗa masa abin da ya ƙi tashi.

Ba abin da ya ƙi. Ashe ya tsara su ne yadda in wuta ta dawo kowane kwantena zai tashi da kansa, ba sai an ce masa ba. Ina kallo suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Ba a ma buƙaci in faɗa masa ba, don a waje wayoyin direbobi suka fara ƙara a tare, tasha ta kaure da sowa. “Injiniya ya gyara! Ko minti biyar bai yi ba! Allah ya bar mana kai!”

Yatsunsa na nan a jere, bai danna ko harafi ɗaya ba. A hankali ya janye su ya ɗora a cinya.

Ya ce, “Wayar nan ba ta zare kanta.”

Khaula ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa. Oga ya ce, “Hammawa, ka yi haƙuri, ni ne,” ya kasa ƙarasawa.

Ya ce, “Na gode, Oga. Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri.” Ya gyara hularsa. “Amma kada ku sake. Mutanen nan tun hantsi suke cikin rana saboda ni.”

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya miƙa hannu cikin iska har Khaula ta kama. A waje ana ta kiran sunansa, ana cewa ya fito a gaisa. Ya tambaye ni ko ƙofar baya a buɗe take. Na buɗe musu, suka bi ta lungun masu walda suka fita.

Na koma taga ina kuka, ban ɓoye ba. Direban da ke gaba ya ce, “Hajiya, an gyara kuma kina kuka?” Na ce ya ba ni lambar motarsa.

Ranar Juma'a na je Dutse Alhaji. Yana kan tabarmarsa, ya amsa gaisuwa da fara'a, ya tambayi yara da jikata. Na zauna har la'asar ina jira ya ce “Ya saba?”, bai ce ba. Da zan tafi Khaula ta rako ni bakin ƙofa, ta ce tun ranar da suka dawo ya ba Yusra wayarsa, ya ce ta riƙe, ita ce mai masu kira.